Rodrigo Díaz: Kiristan Da Ake Kira Sidi

A gidan kallon ƙwallo na fara lura da sunan nan Díaz, yau Luis Díaz, gobe Brahim Díaz. Da na bi salsalarsa sai na tarar ma'anarsa ɗan Diego ne, kamar yadda Rodríguez ke nufin ɗan Rodrigo, Fernández kuma ɗan Fernando. Wato dai irin namu ne na Musa ɗan Audu, sai daga baya sunan uban ya zama na zuri'a baki ɗaya.

Binciken nan ne ya kai ni ga Rodrigo Díaz, wani mayaƙi da aka haifa wajajen shekarar 1043 a ƙauyen Vivar kusa da Burgos, a arewacin Sifaniya. Sunan mahaifinsa Diego Laínez, ka ga inda Díaz ɗin ya fito. Ya yi wa Sarki Sancho na Biyu na Castile yaƙi, amma bayan an kashe Sancho sai suka ɓata da magajinsa Alfonso na Shida, wanda ya kore shi daga ƙasar a 1081.

To ina ya nufa? Wurin sarakunan Musulmi na Zaragoza! Ya yi musu shekaru yana jagorantar rundunarsu, har yana fatattakar Kiristoci 'yan'uwansa. Laƙabinsa El Cid daga Larabci yake, sayyidi, wato shugabana. Sidi ɗin nan dai da muke raɗa wa yara.

A 1094 ya ci birnin Valencia bayan doguwar kewayewa da ta jefa mutanen garin cikin yunwa, ya mulke shi da kansa. Nan jikina ya yi sanyi: ya sa an ƙone alƙalin garin, Ibn Jahhaf, da ransa. Ya mutu a 1099, matarsa Jimena ta riƙe garin har 1102, sannan Murabiɗai, waɗanda asalinsu daga yammacin Sahara ne, suka karɓe shi.

Yau kabarinsa na cikin babban cocin Burgos, mutanen Sifaniya na ɗaukarsa gwarzon ƙasa. Ni kam sojan haya na gani, jarumi ƙwarai, amma mai bin inda riba take. Laƙabin girma bai wanke masa hannu daga jinin alƙalin nan ba.