Leonid Kantorovich: Masanin lissafin da ya tono farashi a ƙasar da gwamnati ke yanka farashi

A duk tsawon tarihin Tarayyar Sobiyet, mutum ɗaya tak ne ya taɓa samun kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, kuma shi ɗin ma ba tattalin arziki ya karanta ba. Sunansa Leonid Kantorovich, masanin lissafi ne, kuma aikin da ya kai shi ga kyautar a 1975 ya faro ne daga wata tambaya da ma'aikatan katako suka kawo masa.

An haife shi a birnin Saint Petersburg na Rasha ranar 19 ga Janairun 1912, a gidan Yahudawa. Mahaifinsa likita ne, ya rasu Leonid yana ɗan shekara 10. Yana da shekara 14 ya shiga jami'ar birnin, wanda a lokacin an sauya masa suna zuwa Leningrad. Ya kammala yana da 18, ya zama farfesa yana da 22.

A 1938 ne injiniyoyin hukumar da ke kula da masana'antun filawud suka zo masa da damuwarsu. Suna da injunan feren gungume guda 8 da nau'in katako 5. Kowane inji yana da nau'in da ya fi sauri a kai, kuma gwamnati ta ƙayyade kason da kowane nau'i zai samu a cikin abin da za a fitar. Tambayarsu ita ce wane aiki za a ba wane inji, na tsawon wane lokaci, don a samu kaya mafi yawa.

A ido tambayar ƙarama ce, amma hanyoyin rabon sun yi yawan da ba mai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zauna a kanta, sai ya lura cewa irin wannan matsalar ce ke damun mai rabon gonaki tsakanin amfanin gona, da mai yanka ƙarfe, da mai tsara jigilar kaya. A 1939 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi kan hanyoyin lissafi na tsara aikin masana'antu. Wannan ne mafarin fannin da daga baya aka raɗa wa suna liniya furogiramin, wato lissafin rabon kayan aiki ƙalilan ta hanya mafi amfani.

Yadda ake juya matsalar

Abin da ya gano shi ne kowace matsala irin wannan tagwaye ce, tana da Hassan tana da Husaini. Ƙaramin misali zai bayyana hakan.

A ce kafinta yana da falanki 30 da awa 40 na aiki. Kujera tana cin falanki 1 da awa 2, ribarta rubul 4. Tebur yana cin falanki 3 da awa 2, ribarsa rubul 8. Idan kujeru zalla ya yi, zai samu guda 20, riba 80. Idan tebura zalla ne, guda 10, riba 80. Mafi kyau shi ne kujeru 15 da tebura 5, riba rubul 100, ba ragowar katako ba ragowar lokaci. Hassan ke nan.

Husaini kuma yana fitowa ne idan aka kalli shagon daga waje. A ce wani ya zo yana son karɓe falankin da awannin gaba ɗaya, ya biya kafintan ya huta. Dole ya sa wa falanki farashi, ya sa wa awa farashi. Kafinta ba zai yarda ba sai kuɗin falanki 1 da awa 2 sun kai rubul 4, domin in ba haka ba gara ya yi kujerarsa. Haka kuma kuɗin falanki 3 da awa 2 sai sun kai rubul 8. Shi kuwa mai saye burinsa ya biya mafi ƙaranci. Dokar juyawar ke nan: kowane kayan aiki da ke da iyaka ya haifi farashi, kowane abin da ake ƙerawa ya haifi sharaɗi, neman mafi yawa ya koma neman mafi ƙaranci.

Farashin da ya cika sharuɗɗan biyu da kuɗi mafi ƙaranci shi ne rubul 2 ga falanki, rubul 1 ga awa. A haɗa 60 da 40, an samu 100 cif, daidai da ribar kafintan. Ba dace ba ne, haka yake fitowa kullum. Kuma lambobin suna da ma'ana: a ƙara wa kafintan falanki 2, zai koma kujeru 14 da tebura 6, riba 104, wato kowane falanki ya kawo rubul 2. Da a ce akwai kayan da ya yi yawa har ya rage, da farashinsa ya fito sifiri.

Inda haɗarin yake

Ga masanin lissafi wannan abin sha'awa ne. A Rashar Stalin kuwa, wasa da wuta ne. Aƙidar Karl Marx da ƙasar ta ginu a kai ta ce darajar kaya tana fitowa ne daga gumin ma'aikaci. Lambobin Kantorovich kuma suna nuna cewa ƙarancin abu ma yana ba shi daraja, ko ƙasar noma ce ko inji, maganar da ta yi kama da ta masanan ƙasashen jari hujja. A shekarar da aka kawo masa tambayar katako aka harbe fitaccen masanin tattalin arziki Nikolai Kondratiev.

Saboda haka ya kauce wa kalmar farashi. Da farko ya kira su lambobin warwarewa, daga baya ya kira su ƙimar da halin da ake ciki ya tsayar. Amma bai janye ba. A 1942, ana tsakiyar yaƙi, ya rubuta cikakken littafi yana bayar da shawarar a tsara tattalin arzikin ƙasar baki ɗaya da wannan hanya, ya tura wa Gosplan, hukumar tsare-tsare ta ƙasa. Aka yi watsi da shi. Littafin bai ga hasken rana ba sai 1959, bayan shekara 17.

Wataƙila abin da ya tsare shi shi ne gwamnati na buƙatar kansa. Ya koyar da injiniyoyin soja lokacin yaƙi, ya jagoranci wata tawagar lissafi a shirin makamin nukiliya, kuma a 1949 ya samu kyautar Stalin saboda aikinsa na lissafi zalla.

Ko inda aka gwada dabarar ba ta tsira daga tsarin ba. Shi da abokin aikinsa Viktor Zalgaller sun tsara yadda za a yanka fallayen ƙarfe a masana'antar taragon jirgin ƙasa ta Egorov da ke Leningrad, asara ta ragu sosai. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne, maimakon yabo sai ga tuhuma, domin masana'antar ta daina cika adadin ragowar ƙarfen da aka yanka mata ta riƙa turawa a narka.

A can Amurka ba wanda ya san da aikinsa. George Dantzig, da ke aiki da rundunar sojin sama, ya sake gano fannin a 1947 tare da hanyarsa ta warware shi. A watan Oktoban shekarar ya je Princeton wajen John von Neumann, wanda nan take ya zayyana masa batun tagwayen daga nazarinsa na wasannin gasa. David Gale da Harold Kuhn da Albert Tucker suka buga hujjar a 1951. Ɗan littafin 1939 kuwa sai 1960 aka buga shi da Turanci.

Bayan mutuwar Stalin a 1953 ƙofa ta ɗan buɗe, duk da cewa masu tsaurin aƙida sun caccaki littafin 1959 da ya fito. A 1960 ya koma Novosibirsk da ke Saberiya, ya zama cikakken mamba a Kwalejin Kimiyya a 1964, sannan a 1965 ya raba kyautar Lenin da Viktor Novozhilov da marigayi Vasily Nemchinov. An karrama shi, an buɗe cibiyoyi, an yi amfani da lissafinsa a masana'antu da sufuri. Babban burin nasa ne bai cika ba, domin har ƙarshe ba a taɓa ɗora farashin ƙasar a kan lambobinsa ba.

Ya raba Nobel da Tjalling Koopmans, Ba'amurke ɗan asalin Holan, wanda barin Dantzig a waje ya ɓata wa rai har ya sadaukar da wani kaso na kuɗin kyautar ga wata cibiyar bincike a Austiriya.

Kantorovich ya rasu a Mosko ranar 7 ga Afrilun 1986 yana da shekara 74, aka binne shi a maƙabartar Novodevichy. Tarayyar da ya so ya gyara wa lissafi ta rushe a Disambar 1991.