Malam Abdullahi na Gwandu: Ɗalibin da Bai Ji Tsoron Tambaya Ba

A wannan mako mun kawo muku tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa yake nan kusa da mu a garin Gwandu.

An haife shi wajen shekarar 1766. Ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, kuma ɗalibinsa. Bai tsaya ga malami ɗaya ba. Ya yi karatu wurin malamai da yawa, har da Malam Jibrilu ɗan Umar, daga baya ya rubuta littafi guda don ya ambaci sunayensu da abin da kowa ya koya masa.

Bayan an fara jihadi a 1804, ya ga wasu sun koma neman dukiya da mulki. Abin ya dame shi, sai ya bar rundunar ya nufi Makka. Da ya isa Kano, mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya yi musu tafsiri, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam kan yadda ake shugabanci, sannan ya komo gida.

Abin da ya fi burge mu shi ne saɓaninsa da Shehu. Sun bambanta kan kiɗa da tufafin alfarma da sunayen sarauta. Malam Abdullahi ya tsananta, Shehu kuwa ya sassauta. Kowannensu ya rubuta hujjarsa cikin ladabi. Shehu yayansa ne, malaminsa ne, kuma shugabansa, amma bai hana shi rubutu ba. Ya ma kwaɗaitar da mutane su karanta littattafan ƙanen nasa. Malam Abdullahi ya rasu a 1829.

Yau yayyenmu suna karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, mu ma can muke fatan zuwa. To, idan tun yanzu muna jin tsoron ɗaga hannu a aji, yaya za mu yi a can? Muna roƙon malamanmu su riƙa sauraronmu kamar yadda Shehu ya saurari ƙanensa. Mu kuma ɗalibai, mu fara karatu sosai kafin mu yi gardama, domin Malam Abdullahi da hujja yake magana.

Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta