Edwin Armstrong, Mutumin da Ya Kori Ƙara daga Rediyo

Yara, kun taɓa sauraron rediyo da damina, lokacin da hadari ya haɗu? Da an yi walƙiya sai akwatin ya yi ta ƙarƙar kamar ana suyar ƙosai, maganar ta ɓace. Amma in aka murɗa zuwa tashar FM, sai murya ta fito tangaran. Mutumin da ya gano wannan dabara sunansa Edwin Armstrong.

An haife shi a birnin New York, ƙasar Amurka, a shekarar 1890. Yana ƙaramin yaro wani ciwo ya kama shi mai sa jiki fizga, har ya shekara biyu bai je makaranta ba. Zaman gida ya sa shi son littattafai. Ya karanta labarin Markoni, Baturen Italiya wanda ya aika da saƙo ta wayar iska, sai ya ƙudura a ransa shi ma wannan aiki zai yi. Ya cika ɗakinsa da wayoyi da batura, ya kafa dogon turke a gidansu wanda ya fi ƙafa 100, yana hawa har ƙoli ba tsoro.

Ya shiga Jami'ar Kolombiya a 1909 don koyon aikin lantarki. A zamanin nan sautin wayar iska ba shi da ƙarfi, sai mutum ya manna abin ji a kunne ya kasa kunne sosai. A 1912, tun yana ɗalibi, Armstrong ya gano cewa in aka mai da saƙon cikin kwalbar rediyo ya sake zagayawa, ƙarfinsa yakan ninku ƙwarai. Da aka yi Yaƙin Duniya na Farko ya tafi Faransa cikin soja, ya kai muƙamin Manjo. A can, cikin 1918, ya ƙago wata hanya ta kamo tasha sosai, wadda yawancin akwatunan rediyo suka bi bayansa.

To, saura abu guda, wato ƙarar nan ta walƙiya. Waɗansu manyan masana sun ce ba ta da magani. Armstrong bai yarda ba, ya shekara da shekaru yana gwaji a ɗakin bincike na jami'arsa.

Ga abin da ya gano. Ku dubi makaɗin kalangu. Yana iya buga shi da ƙarfi ko a hankali. Yana kuma iya matse igiyoyinsa muryar ta yi sama, ya saki ta yi ƙasa. Tsohuwar hanyar rediyo, wadda ake kira AM, tana ɗaukar magana ta wajen ƙara ƙarfin saƙo da rage shi. Walƙiya kuwa ƙarfin nan take dagulawa, shi ya sa ake jin ƙara. Sai Armstrong ya bar ƙarfin daidai ba ya sākewa, ya ɗora maganar a kan hawa da saukar muryar saƙon, kamar matse kalangu. Akwatinsa yana datse duk abin da walƙiya ta ƙara, ya bar maganar tsantsa. Wannan ita ce FM, an kuwa ba shi takardar mallakarta a 1933.

A 1935 ya tara injiniyoyi a New York ya nuna musu. Aka zuba ruwa a kofi, aka yage takarda a wata tasha mai nisa, suka ji kamar a gabansu ake yi. Duk da haka babban kamfanin rediyo na RCA bai goyi bayansa ba. Sai ya kashe dukiyarsa ya gina tasha tasa a Alpine, da hasumiya mai tsawon ƙafa 425. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya bar sojan ƙasarsa su yi amfani da dabarunsa kyauta.

Ƙarshen ransa bai yi daɗi ba. A 1945 hukuma ta matsar da tashoshin FM zuwa wani wuri a kan akwati, tsakanin 88 da 108, sai akwatunan da aka riga aka sayar suka daina kama su. A 1948 ya kai RCA ƙara a kan haƙƙinsa. Shari'a ta yi tsawo, ta cinye kuɗinsa da lafiyarsa. Ya rasu a 1954 cikin baƙin ciki. Matarsa Marion ta ci gaba da shari'o'in, ta yi nasara, aka gama ta ƙarshe a 1967.

Yaƙi da ƙara bai ƙare ba. Yau masana suna ba kwamfuta muryoyi dubbai, waɗansu masu tsabta, waɗansu masu hayaniya, har ta koyi rarrabe magana da ƙara, ta tace ta kamar yadda rariya take tace gari. Hanyar sabuwa ce, amma nufin shi ne na Armstrong: mai sauraro ya ji abin da aka faɗa. In kun murɗa rediyo kuka ji murya garau ana cikin tsawa, ku tuna da yaron nan da ciwo ya tsare a gida, wanda aka ce masa abu ba ya yiwuwa, ya ƙi fid da rai.