Tarihin Sardauna Ahmadu Bello da Masaƙun Kaduna

An haifi Alhaji Ahmadu Bello a Rabah, ƙasar Sakkwato, cikin 1910. Shi jikan Sarkin Musulmi Atiku na Raba ne, daga zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka ba shi hakimcin Rabah a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938. Cikin 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Sa'ad da ya karɓi ragama, Arewa tana bayan Kudu ƙwarai wajen ilmin boko da sana'o'in zamani. Talakawa suna noma auduga, a gurza ta a Funtuwa da Gusau, jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku, a saƙa ta a Ingila, sa'an nan a komo mana da yadi mu saya da tsada. Wahalar noma tamu, ladan saƙa na wasu. Wannan shi ne abin da Sardauna ya ɗaura ɗamarar gyarawa.

Gwamnatinsa ta haɗa jari da kamfanin David Whitehead na Ingila, aka gina masaƙa a Kakuri, Kaduna, ta fara fid da akoko cikin 1957. Ba a daɗe ba waɗansu masaƙu suka biyo baya, har da wadda aka kafa da Japanawa. Dubban samari suka sami aikin albashi, masu sayar da abinci da masu gidajen haya kuma suka ci arzikinsu. Da yake ma'aikata ba ta tsayuwa sai da kuɗi da gwanaye, aka kafa Bankin Arewa, aka buɗe Jami'ar Zariya a 1962, aka dinga horar da 'yan Arewa su riƙe ofisoshi.

An kashe shi a Kaduna ran 15 ga Janairu, 1966. Bayansa rashin wutar lantarki da kwararowar yadin waje suka durƙusar da masaƙun, ita ta farkon ma aka rufe ta a 2002.

Malamai da akawuna, ku lura da dabararsa: ƙasa ba ta ci gaba sai ta sarrafa abin da ta noma, ta kuma koya wa 'ya'yanta sarrafawar. Allah ya jiƙansa, amin.