IBN SINA, MALAMIN DA YA KARANCI CIWO DA MAGANIN KASHE ZAFI

An haifi Abu Ali Husaini ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibn Sina, a ƙauyen Afshana kusa da Bukhara, cikin shekara ta 370 Hijira, watau 980 Miladiyya. Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 10, sa'an nan ya shiga Fiƙihu da Lissafi da Manɗiƙi da ilmin likita. Tun yana saurayi ya yi wa Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, magani, sarki ya saka masa da izinin shiga taskar littattafansa.

Da mulkin gidan Samaniyawa ya rushe, sai ya shiga yawon ƙasashe, daga Jurjan zuwa Rayyu zuwa Hamadan, inda ya zama wazirin Shamsud Daula. Bayan rasuwar wannan sarki aka tsare shi wata 4, daga baya ya koma Isfahan. Cikin wannan ɗawainiya ya wallafa Al-Ƙanunu fiɗ Ɗibbi, juzu'i 5, wanda aka juya zuwa Latin a ƙarni na 12, makarantun Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da shi.

A cikin littafin nan ya rarraba ciwo gida 15, kamar mai suka, da mai zugi, da mai ƙaiƙayi, da mai nauyi. Ya bayyana cewa mafi alherin magani shi ne wanda ya kawar da sanadin ciwo. Idan wannan ya faskara, sai a koma ga abin da ke kawo barci, ko abin da ke kashe jin jiki. A nan ya ambaci afiyun, wanda ya fi duka ƙarfi, da banju, ɗan uwan zaƙami, da ƙanƙara da ruwan sanyi da ake ɗorawa a gurbin ciwo. Amma ya yi gargaɗi cewa a fara da mafi sauƙi, domin mai ƙarfin yana iya halaka majiyyaci.

Abin da ya nema da ƙanƙara, watau a kashe zafin wuri guda mutum yana farke, bai tabbata sosai ba sai a 1884, lokacin da likita Karl Koller ya ɗiga hodar iblis narkakkiya a ido a birnin Biyana, aka yi aiki ba tare da zafi ba. Saboda haɗarinta aka ƙago furoken a Jamus a 1905, sa'an nan lidoken a Suwidin a 1943. Wannan ta ƙarshe ita ce allurar da aka fi yi wa manomin Gidan Goga idan lauje ya yanke shi aka kai shi asibitin Maradun ko Talata Mafara don ɗinki, haka kuma wajen cire haƙori.

Yadda take aiki kuwa shi ne, jijiya tana kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa ta hanyar wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin sodiyam, na cikin gishiri, ke shiga. Maganin yakan toshe ƙofofin nan na kamar awa ɗaya ko biyu, sai saƙo ya tsaya a hanya. Jin zafi ne ke fara gushewa, shi ya sa mutum ke jin ana taɓa shi amma ba ya jin suka. Idan kuwa aka zarce awo, ko maganin ya faɗa cikin hanyar jini, yana iya kawo jijjiga har zuciya ta tsaya. Don haka likita ke ƙiyasta shi bisa nauyin jikin mutum, balle ga ƙaramin yaro.

Ƙarshen Ibn Sina kansa ya gaskata gargaɗinsa. Almajirinsa Juzjani ya ruwaito cewa ciwon ciki mai tsanani ya kama shi a cikin tafiyar yaƙi tare da Sarkin Isfahan. Ya umurci a sa daniƙi 2 na irin wani tsiro a maganinsa, mai haɗawa ya sa dirhami 5, kusan ninki 15 ke nan. Bayan haka wani baransa ya zuba masa afiyun mai yawa a wani haɗin. Da ya ga ƙarfi ya ƙare, sai ya bar magani, ya yi sadaka da dukiyarsa, ya 'yanta bayinsa, ya duƙufa ga saukar Alƙur'ani. Ya rasu a Hamadan cikin Ramalan na 428 Hijira, watau 1037.

Neman sauƙin ciwo bai saɓa wa haƙuri da tawakkali ba, kuma rahama ce daga Allah. Amma matasan da ke shan zaƙami da ƙwayoyin kashe zafi ba da izinin likita ba, su tuna cewa babban likitan zamaninsa ma bai tsira daga kuskuren awo ba. Allah ya jiƙansa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.