Waliyiya Sisiliya da Majami'arta ta Roma

Ranar 22 ga Nuwamba Ikkilisiya take tunawa da Waliyiya Sisiliya, wadda mawaƙan majami'u suka ɗauka uwa a gare su. Sunanta yana cikin Addu'ar Yukaristiya ta Farko.

Labarinta da aka rubuta a ƙarni na 5 ya nuna 'yar babban gida ce a Roma, ta kuwa keɓe kanta ga Ubangiji, amma iyayenta suka aurar da ita ga Baleriyan, wanda ba Kirista ba. Ta wurinta shi da ɗan'uwansa Tiburtiyus suka karɓi baftisma, aka kashe su saboda bangaskiya. Ita ma aka kulle ta a ɗakin wanka mai zafi don ta shaƙe, ba ta mutu ba. Sai hauni ya sare ta sau uku a wuya. Ta yi kwana uku da raunin, ta raba wa matalauta dukiyarta, ta bar wasiyya a mai da gidanta majami'a.

Majami'ar tana unguwar Tarastebere, a hayin kogin Tiber, kuma har yau akwai kangon gidan Romawa a ƙarƙashinta. Wajen shekara ta 822 Fafaroma Faskal na Farko ya sāke gina ta, ya ɗauko gawar daga kogon kaburbura ya kawo ta ciki. Hoton da aka tsara da ƙananan duwatsu masu launi a bayan bagade na zamaninsa ne. Hasumiyar ƙararrawa kuwa ta ƙarni na 12 ce. A 1599 aka buɗe kabarin, Istifano Maderno ya sassaƙa ta da farin dutse, tana kwance a gefenta, fuska a juye, sara a wuya. Ba garaya ko sarewa a hannunta.

To, ina aka samo ogan mai bututu da ake zana ta da ita? Daga wata kalmar Latin ce. Labarin ya faɗa ana kaɗe-kaɗe ranar aurenta, ita kuwa tana raira wa Allah waƙa a zuci. Kalmar tana nufin kayan kiɗa kowane iri, amma daga baya aka fahimce ta da ogan, har masu zane irin su Rafayel suka ba ta ita a hannu. Alhali a zamaninta ogan ta ruwa a filin wasa da wuraren biki ake jin ta. Sai wajen ƙarni na 10 ta zauna sosai a majami'u.

Saboda haka, a ganina, mawaƙanmu na ƙasar Zuru masu ganga da caki ba baƙi ba ne wurinta. Waliyiyar ba ta taɓa jin ogan a wurin sujada ba.