Mari-An, mai zanen turame

An haifi Mari-An a shekarar 1758, a garin Mombirizon na ƙasar Faransa. Uwarta ta rasu tana da shekara 3. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga Antuwan Labwaziye, wani masani mai binciken sinadarai a birnin Pari.

Mari-An ba ta daina neman ilimi ba. Ta koyi Turancin Ingila, tana juya wa mijinta littattafai zuwa Faransanci. Ta koyi zane. In ana aikin gwaji, ita ke zaune gefe tana rubuta abin da ya faru.

Masu bincike ma suna daka da niƙa, kamar matan Barmu. Ku duba kanwa: in an dake ta, ta fi saurin narkewa cikin ruwa. Haka gishiri da duwatsu da ƙarafa suke. Sai sun zama gari ake jin daɗin auna su da haɗa su.

A zamanin da, masu neman mai da dalma zinariya suna ɓoye aikinsu. Sau da yawa hotunan littattafansu kamar kacici-kacici suke. Labwaziye da matarsa suna son kowa ya gane, ya gwada da kansa.

A 1789 Labwaziye ya fitar da babban littafinsa na ilimin sinadarai. Mari-An ta yi masa shafi 13 na zane, ta sassaƙa su kan faifan jan ƙarfe, ta sa sunanta a ƙasa. A shafin farko akwai turame da taɓarensu: na ƙarfe, na dutse, na icce, na gilashi. Akwai dutsen niƙa da ɗansa, akwai rariyoyi. Kowane turmi da aikinsa. Abu mai cin ƙarfe, a turmin gilashi ake niƙa shi. Ta zana su dalla-dalla, yadda mai sana'a a wata ƙasa zai duba ya yi irinsu.

Lokacin juyin juya hali na Faransa, aka kama mijinta da ubanta, don suna cikin masu karɓar haraji. Aka kashe su rana guda, 8 ga Mayu 1794. Aka ƙwace dukiyarta, ita ma aka rufe ta gidan kaso fiye da wata biyu. Da ta fito, ta dage har aka maido mata littattafai da kayan aikin. Daga baya ta fitar da sauran rubuce-rubucen mijinta.

Ta rasu a Pari a 1836. Har yau ana duba zanenta don a san kayan aikin masana na wancan zamani.

Tambayoyi

1. Don mi masu bincike suke daka abu kafin su haɗa shi?
2. Waɗanne irin turame Mari-An ta zana?
3. Ku auna turmin gidanku da taɓaryarsa, ku zana su yadda masassaƙi zai gane.